Manyan Tayoyin Bobbo

Maiwada taubashina ne, don haka in kun ji na yabe shi ku san abin ya kai. Tun muna yara aikina ke nan in nemo masa aibu, shi ma bai taɓa raga mini ba. Ni tela ne, sunana Sada, rumfata tana kallon garejinsa a bakin hanyar da ta shigo Makarfi daga Zariya. Na ce gareji ne don kara kawai. A lokacin inuwar ɗorawa ce da akwatin sifanu da wani rami da ya haƙa da hannunsa. Bai daɗe da dawowa daga Zariya ba, inda ya yi shekaru yana kwance ƙarƙashin motoci a garejin wani. Ya ce tunda ƙasa ta samu mulkin kai, shi ma ya dawo gida ya samu nasa.

Motar da kowa ya sani a yankinmu ita ce Landirobar Bobbo, wani dattijon Bafulatani da ya zauna a Dandamisa yana noma da shanun huɗa. A gwanjon En'e, wato hukumar gargajiya, ya saye ta lokacin da Turawa suka fara tattara komatsansu. Koriya ce, gajeriya, duk ta sha duka, amma ita ke kwaso mazarƙwaila daga fadamun Kudan, ita ke kai mara lafiya Ikara in damina ta rufe hanya. Bobbo yana son motar nan kamar saniyar da ya gada. Don son da yake mata ne ya samo manyan tayoyi biyu a wurin wani direba, ya sa mata a baya, ta ɗaga ƙugu tana tafe tana taƙama. Kuma kullum sandar giya mai jan kai a jaye take, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja tare, ko a laka ko a busasshiyar hanya. Ya ce shi bai ga dalilin da abu mai ƙafa huɗu zai ɗauki kaya da ƙafa biyu ba.

Da rani shaf ɗin baya ya karye, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. Aka turo motar wurin Maiwada, ya sa wani, ta tashi. Ba a daɗe ba ya sake karyewa, ya sake sa wani. Na ukun a ranar kasuwa ya faru, a gaban masu rake, muka ji ƙas, mota ta tsaya da buhuna a kanta. Nan da nan magana ta zaga gari cewa Maiwada share gareji kawai ya koyo a Zariya. Wasu ma a rumfata suka zauna suna faɗa, ina ɗinki ina haɗiye fushi, don ni kaɗai nake da izinin zagin Maiwada.

Bobbo mutum ne mai kunya, bai ɗaga murya ba. Bayan sun gama gaisawa ya ce, "Ɗana, wannan shi ne na ƙarshe. In ta sake, Zariya zan kai ta, kuma can za ta riƙa zuwa."

"To, Baffa," in ji Maiwada.

Duk mun san abin da hakan yake nufi. In Bobbo ya janye motarsa, babu direban da zai ƙara tsayawa a gindin ɗorawar nan, sai dai Maiwada ya naɗe tabarmarsa ya koma yaron wani.

A wannan karon na ajiye keken ɗinki na tsallaka na zauna, wai don in yi masa tsiya, sai na ɓige da kallo. Ya ɗaga motar da jak, ya tallafe ta da kututture, ya zare tayoyin baya. Guntun ƙarfen da ya karye ya maƙale can cikin aksul, wato bututun ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, sai ya zaro shaf ɗin ɗaya gefen, ya zura doguwar sanda ya tunkuɗo shi a hankali har ya faɗo. Ya sauke tukunyar haƙoran da ke tsakiyar aksul, ya wanke komai da kananzir a cikin kwano, ya shimfiɗa buhu ya jera su yadda ya ciro su. Kowane haƙori sai da ya bi shi da ɗan yatsa. Furofela ma, doguwar sandar da ke kawo juyin inji zuwa aksul, ya sauke ta ya girgiza gaɓoɓinta a kusa da kunnensa, ya canja wadda ya ji tana wasa, ya cika sauran da giris. Hannun mutumin nan ba ya gaggawa, kuma ba ya taɓa abu sau biyu a banza.

Sai ya ɗauki guntun ƙarfen ya daɗe yana juya shi.

"Ko ci za ka yi?" na ce.

"Duba nan, sarkin surutu. Wannan ba karyewar nauyi ba ce. Murɗe shi aka yi."

Na duba, bakin ƙarfen kuwa a murɗe yake kamar igiyar guga. Maiwada ya tashi ya zaga motar, ya tsaya a kan tayoyin da ya jingine, ya ce in ba shi zare mai ƙarfi. Na ce ashe yau bakanike ya dawo hannun tela. Bai kula ni ba. Ya zagaya zaren a tayar gaba ya yanke, ya zagaya wani a ta baya ya yanke, ya miƙe su a ƙasa gefe da gefe. Na baya ya ɗara na gaba da fiye da taƙi.

"In ya ja jar sandar nan, gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya tare," ya ce. "Amma takun na baya ya fi tsawo. A laka sai taya ta zame, rigima ta ƙare. A busasshiyar hanya babu zamewa, sai ƙarfe ya yi ta murɗewa har ya gaji."

Daɗi ya kama ni. Na ce ranar kasuwa mai zuwa ni da kaina zan ɗaga zaren nan a gaban masu rake, kowa ya san wanda ya karya motar.

"Ba za ka yi ba," in ji shi. "Baffa ya haifi kamata. Da tayoyin nan yake alfahari, ba zan wanke sunana da furfurarsa ba."

Na yi fushi sosai, na kira shi wawa, ya ce ya ji. Ya gama haɗa motar, ya zuba mata sabon mai a aksul, amma ya ƙi aika wa Bobbo ya zo ya ɗauka. Da safe ya ce in ɗauko kekena na hawa mu tafi Dandamisa.

Ruwan farko ya sauka, mun tarar da Bobbo a gona yana huɗa da bijimai biyu farare, kansu ɗaya. A duk yankin babu wanda ya kai shi iya haɗa shanu a karkiya, har daga Furana ake zuwa ya zaɓa wa mutane. Muka durƙusa muka gaishe shi, aka tambayi gida da shanu da ruwa, ya sa aka kawo mana kindirmo. Can a gindin kuka akwai wani ɗan bijimi a ɗaure.

"Baffa," in ji Maiwada, "me zai hana a hutar da ɗaya daga cikin manyan nan, a haɗa wancan ƙaramin?"

Bobbo ya dube shi da tausayi. "Kai dai tsaya a kan ƙarafanka, ɗana. Babba takunsa dogo, ƙarami takunsa gajere. Ka ɗaure su a itace ɗaya, kafin ka kai ƙarshen kunya ko karkiya ta karye ko wuyan ƙaramin ya tafi."

 Maiwada ya ciro zaren nan biyu daga aljihu ya miƙe su a kan kunya. "Wannan takun tayar gaba ne, Baffa. Wannan na baya."

Bobbo ya sunkuya ya dubi zaren, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya tattara su ya sa a aljihun taguwarsa, ya ce mu gaida gida. A hanya na ce wa Maiwada ya ga abin da kunyarsa ta jawo, ga mota ba a karɓa ba, ga suna bai wanku ba.

Ranar kasuwa, hantsi ya yi, gari ya cika, sai ga Bobbo ya sauko daga motar Zariya da manyan tayoyi biyu irin na bayan motarsa. Bai bari kowa ya taya shi ba. Da kansa ya gangaro su ɗaya bayan ɗaya ta tsakiyar masu rake, mutane suna ba shi hanya, har gindin ɗorawa. Maiwada ya taso da sauri zai karɓa, Bobbo ya ɗaga masa hannu, ya juya ya fuskanci jama'a. Mutumin da ban taɓa jin muryarsa daga nesa ba, ran nan har rumfata na ji shi.

"Ni na karya motata," ya ce. "Na haɗa bijimi da maraƙi a karkiya ɗaya, yaron nan ya gani, ya bi ni har gona ya faɗa mini ni kaɗai."

 Maiwada ya sunkuyar da kai, ya jawo jak ya fara kwance tayoyin gaba. Kafin azahar motar ta tsaya daidai a kan manyan ƙafafu huɗu, ya nuna wa Bobbo ya ajiye jar sandar sai an shiga laka. Na tsallako don in ce wa Maiwada wani abu mai zafi kamar yadda na saba, sai kawai na miƙa masa sifana.