Durowar Inna a Rumfar Awaki

Sabiru dillalin dabbobi ne a kasuwar Daura, kuma in dai gyaran rago ne kafin a kai shi gaban mai saye, babu mai nuna masa. To abin da ya cuce shi ke nan, don shi a wurinsa komai na duniya rago ne.

Lokacin da ciwon ƙafa ya matsa wa mahaifiyarsu, ta koma Sandamu wurin ƙanwarsa Rahmatu, ta bar masa ajiyar durowarta. Tsohuwar durowa ce ta katakon maɗaci, mai aljihuna da mariƙan tagulla. Da ita aka kai kakarsu ɗakin miji, daga baya ta dawo hannun Inna. Duk zuwan da zai yi gaisuwa sai ta tambaye shi durowa, shi kuwa ya ce tana falo, ko ƙura ba ya bari ta hau ta. Alhali tun ranar da ya sayo sababbin kujeru ya tura ta rumfar awaki, yana zuba kanwa da dusa a ciki.

Allah ya yi wa Inna rasuwa. Da aka share makoki aka sa ranar rabon gado, Rahmatu ta ce ita dai a sa mata durowar a kasonta. Malamin da zai raba ya ce sai an san ƙimarta tukuna, don haka aka kira Alhaji Abbas, wani mai sayen tsofaffin kayan katako a Kano. Sabiru kuwa ba asarar ta dame shi ba, kada dai Rahmatu ta san yadda ya riƙe amanar Inna.

Ana gobe rabo ya janyo durowar tsakar gida, ya yi mata abin da ya iya. Ya kwara mata ruwa, ya dirje ta da garin sabulu da buroshi, ya shanya ta a rana, sannan ya mulke ta da man gyaɗa. Ta ɗauki ƙyalli kuwa. Ya ja da baya ya dube ta, har ya yaba wa kansa.

Washegari dangi suka cika zaure. Alhaji Abbas ya tsuguna gaban durowa yana shafa kusurwarta.

“Aikin kafintocin da ne,” in ji shi. “Ku duba nan, babu ƙusa ko ɗaya, katako ne ya ciji katako. Mariƙan ma na asali ne. In tana da lafiya, wannan ta fi duk sauran kayan ɗakin marigayiya daraja.”

Ya ja aljihun sama, ya ƙi fitowa. Ya sake ja, shiru.

“Ta sha ruwa, katakon ya kumbura. Kuma ba da daɗewa ba.” Ya shinshina tafinsa. “Wa ya shafa mata man gyaɗa?”

Sabiru ya kau da kai. Alhaji ya dafe durowar da gwiwa ya finciko aljihun ƙasa. Kanwa ta cinye gindinsa har ana hango ƙasa. Daga lungun da buroshi bai kai ba, kashin awaki ya gangaro, ya bi tabarma ya tsaya daidai ƙafar Malam. Kunya ta kama Sabiru, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya yi wayo.

“Ga gara kuma ta ci ƙafafun baya,” Alhaji ya ci gaba. “Wai a ina aka ajiye...”

“Alhaji, ya isa haka, mun gode,” Rahmatu ta katse shi daga bakin ƙofa. “Malam, a sa mini ita a kan ƙimar mai lafiya.”

Malam ya dube ta. “Kin gane abin da kike faɗa? Sauran kasonki zai ragu sosai, na yayanki ya ƙaru.”

“Na gane, Malam. Ta Inna ce, ba na so a ƙara tona ta a gaban mutane.”

Malam ya juya wurin Sabiru. “Kai kana da magana?”

Yana da ita mana. Da ya ce a ɗora ɓarnar a kansa, da shi ke nan. Amma faɗin haka amsa laifi ne a gaban kawunnai da surukai, kuma Rahmatu ta riga ta rufa masa asiri. Mutumin da ke cika kasuwa da baki, sai ga shi yana kallon tabarma.

“Babu magana, Malam.”

Aka yi addu'a aka shafa. Da motar kaya ta zo, Sabiru ya riga kowa kama durowar, wai ko wannan ya yi wa ƙanwarsa. Yana ɗagawa, ƙafar baya ta gutsure ta zauna a hannunsa, gari na zuba daga cikinta. Ya ɗaga kai a tsorace. Rahmatu ta riga ta juyar da fuskarta gefe, don kada ya ga ta gani.