Layin Tillery a Jaridar Litinin

Kowace Litinin da safe Wendell Haugen yakan tuƙa tsohuwar motarsa mil tara zuwa shagon kofi, inda Arlo, ƙanin marigayiyar matarsa Doreen, ke jiransa da jarida. Shekara talatin suna musun ƙwallon Amurka, wadda ake jifa da hannu. Tun da aka binne Doreen, musun nan ne kaɗai ke fitar da shi daga gida.

Wata huɗu ke nan idanunsa suna dusashewa, bai gaya wa kowa ba. In maganar ta fita, makullin mota zai bar hannunsa, fitar Litinin ma ta ƙare.

Jiya ƙungiyoyinsu suka kara, ta Wendell ta yi nasara. Barci ya sace shi a rabin wasa, amma wannan ma sirri ne. Ya ja jaridar, ya kai hanci kusa da ƙananan lambobin da ke nuna aikin masu jifan ƙwallo biyu: nasa Tillery, na Arlo kuwa Bracewell.

"Saurara, yaro. Jifa talatin da huɗu, ashirin da bakwai sun shiga hannu. Yadi ɗari uku da goma. Tillery ke nan. Naka fa, duwatsu yake jifa?"

Arlo, wanda ya haura saba'in, ya ajiye cokali, ya kama yatsan Wendell, ya saukar da shi layi ɗaya.

"Ga Tillery nan, tsoho. Na Bracewell ka karanta mini."

Wendell ya dubi wurin. Baƙin zare kawai ya gani.

"Tun yaushe idon ya fara?" in ji Arlo.

"Tun Yuli."

"Kuma ta gaban makarantar yara kake biyowa."

Wendell ya daɗe yana juya kofin da babu abin juyawa a ciki. Sannan ya ciro makullin, ya ajiye kusa da kwalbar sukari.

"Ƙarfe bakwai zan riƙa zuwa ɗaukarka," in ji Arlo, yana sa makullin a aljihu. "Kada in tarar da kai ba wando."

"Motarka warin kare take."

"Karen ma haka ya ce da kai."

Wendell ya tura masa jaridar. "To karanta mini na Tillery. A hankali."

"Sha ɗaya cikin ashirin da tara."

"Iska ce ta hana shi."

"A rufaffen fili aka buga, Wendell."