Akushin Sufurefe

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, kyanwa huɗu ne a gidan Malum Bilya tela a Garwa, akushinsu kuwa ɗaya. Babbansu wani jibgegen muzuru ne da 'yan unguwa suka laƙaba wa Sufurefe, wato hakimin gwamnati, don ba a taɓa ganin ya kama ɓera ba, ba a kuma taɓa zaman ci babu shi ba. Sai mata biyu, sai wata 'yar mitsitsiya da babur ya take uwarta tun ba a yaye ta ba.

Malum Bilya mutum ne mai ƙa'ida. A gidan ubansa akushi ɗaya ake ci, babba ya fara, yaro ya suɗe, wanda ya raba kwano ya raba zumunci. Bai ga dalilin da dabba za ta fi ɗan Adam gata ba. Kullum da hantsi yakan juye musu kawunan kifin da maƙwabciyarsa Agnès, mai suya a bakin gada, take kawo masa, ya koma kan keken ɗinki yana kallon tarbiyya tana aiki. Sufurefe ya ci, matan su ci, ƙaramar ta lashi ƙamshi. Cikin mako biyu ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga ƙofar zaure.

Abin ya hana shi sakat. In ya ware mata kwano, ya ƙaryata ubansa ke nan. In bai ware ba, zai haƙa mata rami bayan gida. Sau biyu yana ɗinka hannun riga a baibai.

Ran Laraba Agnès ta ɗaga ƙaramar kyanwar da yatsu biyu.

"Baba Malum, wannan kyanwa ce ko ƙyallen da ka yanke?"

"Tarbiyya take koyo, Maman Léon."

"A lahira za ta yi amfani da ita? Ku nawa ne a akushin babanku?"

"Mu tara. Ni ne auta."

"To da suɗi ka tara wannan tumbin?"

Shekara hamsin bai tuna ba sai yau: bayan maza sun tashi, innarsa takan ja shi madafa, ta ciro wani ɗan ƙoƙo daga bayan tulu, ta ce ya ci da sauri, ya goge baki. Ashe ƙa'idar tsohon a kan ƙoƙon tsohuwa take tsaye!

Ya tashi ya ɗauko akurkin kaji, ya faɗaɗa wata 'yar kafa daidai kan marainiyar, ya kife shi a kan gwangwanin sardin cike da tsokar kifi. Ta shige ta hau ci har da gurnani. Sufurefe ya zagaya sau uku, ya zura hannu bai kai ba, ya haye kan akurkin yana kururuwa.

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe," in ji Malum Bilya. "Dama can haka tsarin yake. Manya ne kawai ba a gaya wa."