Ruwan Baƙuwa a Gidan Alhaji Sualihu

Duk Salaga babu wanda bai san benen Alhaji Sualihu ba, don shi da kansa ba ya barin kowa ya manta. Kuɗin doya ne suka gina shi, ɗaki ashirin da huɗu, duk cike da 'yan haya: malaman makaranta, ɗalibai, masu iyali. Ruwan da suke sha kuwa daga rijiyar kakansa inji ke jawo shi zuwa tankin da ke kan rufi. Rijiyar nan, in ka yi kuskuren zama kusa da Alhaji, sai ka ji tarihinta tun daga ayarin fataken goro har zuwa jakin da ya sha ya warke daga gurgunta. Abin da ba ya faɗa shi ne, da aka zo haƙa masai, taku goma kacal ya bari tsakaninsa da rijiyar, don kada a ci masa filin shago. Shi kuma rabonsa da ruwan nan shekara uku. Na kwalba yake sha, wai likita ne ya sa shi.

To, sai aka fito da doka cewa duk ginin da jama'a ke kwana a ciki, sai an gwada ruwansa. Aka turo Madam Lariba, 'yar Bawku, ma'aikaciyar duba tsafta, gajeriya mai babur. Ta ɗibi ruwan famfo a kwalba ta kai ɗakin gwaji. Bayan mako biyu ta aiko da saƙo: ruwan cike yake da ƙwayoyin cuta irin na bayan gida. Ko a rufe rijiyar, ko ranar Talata ta garƙame benen da kwaɗo.

Haba! Alhaji ya yi tsalle ya dire. A rufe rijiyar kakansa saboda wasu ƙwari da ko ido ba ya gani? Su kuma 'yan hayan da ke layi a ƙofar masai tun da asuba, ai kwaɗayinsu ne, komai suka gani a bakin titi sai sun ci.

Ranar Talata ya sa aka jera benci a ƙofar gida, ya tara dattawan unguwa, har da Malam Ayyub na'ibin liman. Dabararsa ta burge shi ƙwarai, har yana murmushi shi kaɗai. Baƙo dai a ƙasar nan ruwa ake fara ba shi kafin magana. In Lariba ta sha, takardarta ta zama ƙarya. In ta ƙi, ta raina dattawan Salaga a kan idon kowa, sai a haɗu a kai ƙararta.

Ta iso, ta kafe babur, ta durƙusa ta gaida manya, kwaɗon na leƙowa daga jakarta.

"Alhaji, ni ban zo faɗa ba," ta ce da Hausarta ta Bawku. "Ruwan ne bai da kyau."

"Sannu a hankali, 'yata. Ba a magana da ƙishi." Ya juya wajen zaure ya ɗaga murya. "Kai, mutanen gida! A ɗebo wa baƙuwa ruwa a famfon bene, ruwan kakanmu!"

Ya ɗauka ɗaya daga cikin ma'aikatansa ne zai fito. Sai ga Anisatu, 'yar autarsa, wadda jiya-jiya mijinta ya kawo ta daga Yendi goyon ciki. Wata takwas, tana tafiya da ƙyar, ƙwarya a hannu biyu. Ciki biyu ta yi ɓarinsu kafin wannan, kuma Allah ya sani Alhaji ba ya son kowa a duniya kamar yarinyar nan. Ba ta san komai game da takardar gwaji ba, wa zai gaya mata? Ta rusuna gaban Lariba, sannan ta yi yadda ta koya a gidan surukanta na Yendi, inda mai kawo ruwa shi ke fara kurɓa kafin ya miƙa wa baƙo. Ta ɗaga ƙwaryar zuwa bakinta.

"Ke! Kada ki sha!"

Babu wanda ya taɓa ganin Alhaji ya yi gudu, sai ranar. Babbar riga ta harɗe shi, hula ta yi nata wuri, ya kai hannu ya doke ƙwaryar. Ta faɗi ta tsage, ruwan kakanni ya jiƙe takalman dattawa.

Anisatu ta dafe ciki tana kallon ubanta baki buɗe. Lariba kuwa ko jakarta ba ta taɓa ba.

"Wato... mai ciki ce," Alhaji ya soma kame-kame yana haki. "Ruwan sanyi ba ya..."

Malam Ayyub ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe ruwan da ya fantsamar masa a riga. Shekara arba'in suna sahu ɗaya da Alhaji a masallaci.

"Alhaji Sualihu," ya ce, "tawa 'yar, Zalia, tana ɗaki na tara. Ita ma wata bakwai gare ta."