Cokalin Isidro

Ban taɓa ganin mai cika kunne irin Isidro, mijin ƙanwata Nalani, ba. Kuku ne a wani babban jirgin ruwan yaƙi, kuma duk ranar da ya zo cin abinci sai ya mai da teburina ganga. Kiɗa ɗaya tak ya iya da cokali, mai ɗingishi, kamar gurguwar akuya a kan rufin kwano.

"Kai ɗan Filifin, bar mana kunnuwanmu mu ci abinci!"

"Yaya Makoa, kunnen da ya saba da guduma ina zai san daɗin kiɗa?"

Da gaskiyarsa, aikin ƙarfe nake yi a ma'aikatar gyaran jirage da ke tashar jiragen ruwa ta Pu'uloa.

Ranar Lahadin da jiragen saman Japan suka afka wa tashar, jirgin su Isidro ya kife, ciki sama kamar mataccen kifi. Nalani, da tsohon cikinta, ta riƙe rigata a bakin ƙofa.

Aka ɗora mu ma'aikata a kan jirgin don aikin ceto, hayaƙi da baƙin mai ko'ina. Waɗanda suka maƙale a ciki suna ta bugun ƙarfe, amma ƙarfe maƙaryaci ne: ƙara ta fito nan, mai ita yana can. Na yi ta rarrafe, kunnena manne da jirgin, har hantsin washegari. Sai na ji kiɗan nan mai ɗingishi. Hawaye suka zubo mini, ban damu da wa ke kallo ba.

Da muka huda ƙarfen, iskar da ke tare musu ruwa ta fara tserewa, ruwa ya shiga hawa. Na ciki suka toshe hujin da tsumma, aiki ya tsaya.

Na kafa baki a wurin. "Isidro! Cire tsumman nan, ɗan banza!"

"Yaya? Ruwa ya kai mana ƙirji! Kashe mu za ku yi?"

"Da kashe ka zan yi, da tun a teburina na gama da kai. Cire, ka ci gaba da kiɗa, in san inda kanka yake."

Can tsumman ya janye, kiɗan ya dawo. Na yi ta yanka. Da muka ɓamɓare ƙarfen, ruwan yana haɓarsu. Shi ya fito ƙarshe, baƙi ƙirin da mai, cokalin a lanƙwashe a hannunsa.

Tun daga ranar bai sake buga komai ba. Ya ci abinci shiru, ya tashi shiru, ni kuwa abincin ya daina wuce mini.

Ranar walimar cikar 'yarsu shekara, yana zaune hannuwansa a cinya, na ga yarinyar tana dukan teburi da tafi. Na ɗauko cokula biyu, na ba ta ɗaya, na tura masa ɗaya.

"Koya mata," na ce. "Ta fi ka ɗingishi."