Baƙuwa

A Yauri, gidan da aka haifi Malam Nata'ala, rijiya ba ta rabuwa da tarwada. Ubansa ne ya jefa ta ciki don ta cinye ƙwari, ruwa ya zauna da tsabta, kuma ba a cin ta ko da tukunya ta kwana biyu a kife. Shi ya sa ran da ya ga wani Bature yana sayar da 'yan kifaye a bayan mota, a wata kasuwar Lahadi a nan Turai, ya hango wata mai gashin baki da ba ta fi yatsa ba, bai tambayi komai ba. Ɗan masunta ne. Wa zai koya masa tarwada?

Matarsa Awawu ce ta raɗa mata suna Baƙuwa. Yau shekara tara ke nan. Awawu ta rasu a ta shida, shi kuma ya ajiye tuƙin bas, Baƙuwa kuwa sai girma. Sau uku ana sauya mata tankin gilashi, har ta kai tsawon hannunsa tun daga kafaɗa, ta cinye rabin falon flat ɗin nan na unguwar Edmonton. Kullum da safe zai ƙwanƙwasa gilashi, ta taso ta karɓi hanta daga yatsunsa, ya ba ta labarin ciwon gwiwarsa. A benen nan kaf, ita kaɗai yake yi wa Hausa.

Wata mata ce daga council, hukumar da ke kula da gidajen, ta zo duba danshin bango. Ta ga kifi, ta yi ta mamaki, ta ɗauki hoto. Shi da kansa ya kunna mata fitila don hoton ya fito. Bayan sati biyu wasiƙa ta iso.

'Yarsa Humaira ta taho daga Stratford ta karanta masa, tana tsaye, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Baba, sun ce ba tarwadar gida ba ce. Ta Turai ce, mai jure sanyi. Sai da licence ake ajiye ta, kuma ba irin wadda ake riƙewa a falo ba ce."

"Su wa suka ce? Ni za a gaya wa kifi?"

"An yi checking hoton, Baba."

Ya tuna lokacin sanyin da hitar ɗumama ɗaki ta lalace kwana takwas, shi yana cikin bargo biyu, Baƙuwa tana yawonta. Har fariya ya yi a masallaci, wai tarwadarsa jini gare ta. Tarwadar Yauri da ba ta kai kwana uku ba. Ya kamata ya gane tun ranar.

"To shi ke nan. Gobe in sa ta a baho, in kai ta kogin Lea, in sake ta. Ta Allah ce, ta koma ga Allah."

"Baba, don't! Abin da suke tsoro ke nan. Za ta cinye musu kifi. Wannan kotu ce kai tsaye, flat ɗin ma sai ka rasa shi."

Sati guda Humaira tana buga waya. Gidajen nuna kifi duk sun cika, masu tafki ba sa karɓar wadda ba a san asalinta ba. Nata'ala ya ga abubuwa a ƙasar nan, ya san mutumin da ake lallaɓawa da wanda ake yi wa ihu. Takarda ce bai taɓa samun inda ake kama ta ba.

Ranar Alhamis da hantsi mutum biyu daga hukuma suka zo da baho mai murfi. Ya hana su sa raga. Ya naɗe hannun riga, ya kama ta a bayan ƙaya yadda ubansa ya koya masa. Ba ta ko yi fizga ba, ta san hannun.

"Wane ruwa za ku kai ta?" ya tambayi babban cikinsu da Turancinsa na bas.

Mutumin ya dubi Humaira, ya dubi ƙasa. Ya ce ba za ta ji zafi ba.

Bayan sun sauka Humaira ta miƙa hannu za ta kashe famfon da ke hura iska a tankin.

"Bar shi," in ji shi.

Ya zauna yana kallon ruwa yana ta kumfa. Hantar safiyar tana kan tebur a faranti, ya yanka ta ƙanana.