Matattun Bishiyoyi Goma Sha Ɗaya

Sau uku ɗan sandan ƙofar kotu yana ce wa Muntaka ya ajiye reshen nan a waje, sau uku yana ƙi. Da sassafe ya saro shi a gonarsa da ke bayan Zakirai, ya rungumo shi a mota, ƙaya tana sukar fasinjoji suna ta yi masa tsiya.

Gonar tasa wani kamfani yake son haɗawa da na maƙwabta a yi wurin shaƙatawa, da lilo da ciyawar ado. Masu binciken muhalli sun zo bara da damina, suka zagaya cikin takalman roba, suka rubuta wai babu abin asara a filin sai matattun bishiyoyi goma sha ɗaya. Gawo fa! Bishiyar da kowa ya san da damina take zubar da ganye ta bar wa gero rana, da rani kuma ta yi kore shar ta ciyar da awaki. Wannan rahoton ne manoman suka kai ƙara a soke.

A cikin kotu Muntaka ya kasa zama. Ya tashi, ya leƙa taga, ya dawo. Tsoro yake ji ƙwarai, don ba shi da wata gonar.

"Baba, don Allah ka zauna," in ji lauyarsu, Ummukulthum.

"Ina na ga ta zama, 'yata? Ke dai nuna wa alƙali ganyen."

Ta ɗaga reshen a gaban alƙali. Lauyan kamfanin ya yi murmushi, ya ce ai reshe ko'ina ana iya saro shi. Aka yi ta Turanci, Muntaka yana bin bakin kowa da ido. Can alƙali ya buɗe kalanda, ya faɗi wani abu, ya tashi.

A waje Ummukulthum har da tafi.

"Baba, mun samu! Alƙali da kansa zai je ya ga bishiyoyin da idonsa."

"Alhamdu lillahi! Gobe?"

"A'a, shari'u sun yi masa yawa. Sai tsakiyar Yuli."

Muntaka ya lanƙwasa yatsu yana lissafi, ya sake daga farko. Tsakiyar Yuli gero ya kai gwiwa, gawo kuwa ko ganye ɗaya ba ya da shi.

"Baba, ba ka yi murna ba?"

Wata akuya ta matso tana shinshina reshen, Muntaka ya sakar mata.